Manomin Asabar

Injiniya ya sayi gonar ne a shekarar da likita ya gaya masa jininsa ya hau, ya nemi wani abu da zai riƙa raba shi da aiki ko da na yini guda ne. A kamfanin wutar lantarki yake, shi ke kula da layukan da suka fita bayan gari: turaku, wayoyi, taransfoma, da mutanen da ke hawa da sauka a kansu. Daga Litinin zuwa Juma'a wayarsa ba ta hutawa. Ranar Asabar kuwa, gari na wayewa zai jefa takalmin roba a bayan mota ya kama hanya, ya bar matarsa, wadda har shi ma Malama yake ce mata, tana duba littattafan ɗalibanta a teburin cin abinci, 'yan biyunsu kuma ko juyi ba su yi ba.

Gonar ba ta taka kara ta karya ba. 'Yan bishiyoyin gwaiba da lemo, ɗaki guda mai rufin kwano da gadon ƙarfe a ciki, rijiyar burtsatse da famfon da wuta ke juyawa, sai shanu biyar. Ba ya tatsarsu, ba ya sayar da su. Yakan zuba musu dusa, ya jawo kujerar roba ya zauna yana kallon yadda suke tuƙa, har wayar da ke aljihunsa ta gaji da kuka ta yi shiru.

Bayan shingen waya kuwa gonar Dogo ce, wadda ita ce gona. Gadonta ya yi daga mahaifinsa, ta tashi daga bakin titi har rafi, tare da garken shanun madara da aka daɗe ana zaɓen irinsu tun yana yaro. Kullum da safe motar kamfanin madara takan tsaya a ƙofarsa. 'Ya'yansa sun girma sun kama gabansu, daga shi sai matarsa da masu tatsa guda biyu. Tun da aka binne mahaifinsa Dogo bai taɓa kwana a wani gari ba, domin a cewarsa saniya ba ta san biki ba, ba ta san makoki ba, hantsarta kawai ta sani. Shi ne ya raɗa wa Injiniya suna Manomin Asabar, ya ce irin manoman nan ne da ke zuwa gona da turare a jiki. Injiniya yakan yi dariya ya ce masa Yaya, saboda ya girme shi nesa ba kusa ba.

Zamansu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. A ranakun aiki Dogo ke leƙa shanun nan biyar, ya zuba musu abinci, ya duba kwamin ruwansu. Shi kuma Injiniya, duk lokacin da injin sanyaya madara ya yi gardama, shi ke kwanciya a ƙarƙashinsa da sukudireba a baki.

Wata Asabar, a kan hanyarsa ta zuwa, ya tarar da wata babbar mota ta lalace a gefen titi, an sauke shanun da ta ɗauko an tara su a inuwa. A cikinsu akwai wata karsana ja mai farar fuska, gashinta yana sheƙi kamar an shafa mata mai. Ya wuce, ya yi ɗan nisa, sannan ya juyo. Mai shanun yana neman rage kaya, bai ja ciniki ba. Da aka tambaye shi takardar likitan dabbobi, sai ya ce tana hannun ɗan'uwansa a motar gaba. Kafin azahar karsanar tana gonar Injiniya.

Dogo ya zagaya ta, ya buɗe bakinta, ya ɗaga jelarta, ya ce kyau kam ta yi kyau, amma araha ba ta ado. Ya ce a ware ta ita kaɗai na 'yan makonni tukuna, baƙo ba a kai shi ƙuryar ɗaki sai an ga kamun ludayinsa. Injiniya ya ɗaure ta a ƙaramin shingen da ke bayan ɗaki, ya sa mata bokitinta daban, ya koma gari ranar Lahadi da hotonta a waya yana nuna wa 'yan biyu.

Cikin makon aka yi iska, wata bishiya ta faɗa kan layin da ke kai wuta wajen. Famfon Injiniya ya tsaya, kwaminsa ya bushe. Dogo, wanda rijiyarsa da injin dizal take aiki, ya kira shi yana tsakiyar taro, ya fara da tsiya, wai ga injiniyan wuta gonarsa ba wuta. Injiniya ya rufe baki da tafin hannu ya ce masa don Allah ya buɗe ƙofar da ke tsakaninsu shanun su sha a kwamin Dogo kafin a gyara. Dogo ya tambaya:

"Har da baƙuwar?"

A daidai lokacin shugaban taron yana kiran Injiniya ya tashi ya ba da bayani. Ya ce, "Ai lafiyarta ƙalau, Yaya," ya kashe wayar, ya miƙe da takardunsa.

Karsanar ce ta fara tari. Wani irin tari busasshe, tana miƙa wuya tana buɗe ƙafafun gaba kamar mai neman inda za ta ajiye ƙirjinta. Ta daina cin dusa. Kafin wata ya zagayo, tarin ya tsallaka shinge. Madarar Dogo ta ragu, sannan wata tsohuwar saniyarsa ta kwanta ba ta tashi ba. Likitar dabbobi ta zo, wata mace mai ƙaramin jiki da idanun wanda bai samu barci ba, ta ɗebi jini, ta buɗe mushen ta duba, ta tafi. Da ta dawo ba ita kaɗai ta dawo ba. Ciwon huhu ne, mai saurin yaɗuwa, kuma hukumar kula da dabbobi ta yanke cewa duk wadda ta sha a kwamin nan sai an kashe ta an binne, mai tari da marar tari. Aka ɗaure igiya a bakin hanyar shiga gonakin biyu, aka ajiye daro cike da ruwan magani, kowa ya tsoma takalminsa in zai shiga ko zai fita. Motar madara ta daina tsayawa.

Ta waya likitar ta shaida wa Injiniya, yana zaune a ofis da taswirar layuka a gabansa. Ya ce to. Ya tambaye ta ranar, ya ce zai nemi izini ya zo. Da ya ajiye wayar ya zauna yana jiran abin da zai ji, irin jiran da mutum ke yi bayan ya buge yatsa da dutse, kafin zafin ya iso. Zafin bai iso ba. Ya jawo taswirar ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ranar da aka sa, katafila ta riga kowa zuwa, ta haƙa dogon rami a ƙasan gonar Dogo, nesa da rafi. Mutanen hukuma sun sa fararen riguna har kai. Da na Injiniya aka fara, don su ne 'yan kaɗan. Ƙarar harbin ba ta kai yadda ya zata ba, kamar dai ana buga ƙusa a katako mai kauri. Karsanar ta riga ta rame, gashin nan ya dushe, aka ja ta da igiya a ƙafa. Ya tsaya yana kallo, hannayensa a aljihu.

Shanun Dogo suka ƙi bin baƙi. Suka dunƙule a kusurwar shinge suna huci, masu fararen riguna suna kora suna dawowa. Likitar ta je ta yi magana da Dogo a hankali. Ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya shiga gaba, ya yi irin kiran da yake yi musu kowace asuba in lokacin tatsa ya yi. Suka warware suka biyo shi a jere, manya a gaba, yadda suka saba, har bakin ramin.

Abin da Injiniya ya lura da shi a wannan lokacin shi ne wayar wutar da ta ratsa saman wurin ta yi ciki ta sauko, kuma hannun katafilar yana kusantarta duk sanda ya ɗaga. Ya taka ya je ya buga wa direban ƙofa, ya nuna masa, ya ce ya riƙa juyawa ta hagu. Direban ya yi godiya. Injiniya ya tsaya nan yana ba shi hannu har aka gama, aka watsa farin garin magani, aka mayar da ƙasa. Da yamma ya ji yunwa. Akwai burodi a mota, ya zauna ya cinye shi tas, yana kallon Dogo daga nesa yana wanke kwamin da babu mai sha a cikinsa.

Ya je ya same shi kafin ya tafi. Ya shirya magana a hanya, amma da ya isa sai ya ji bakinsa yana cewa an gyara layin nan tun tuni, in yana son ya huta da sayen dizal zai iya jawo masa waya zuwa rijiya. Dogo ya ce ya gode, a bari tukuna. Ya ce ya gaida Malama da yara.

Ranar Litinin ya koma aiki. Abokan aiki suka yi masa jaje, wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani ya ce shi dama bai ga abin da mai albashi ke nema a kashin shanu ba. Ya amsa wa kowa daidai da maganarsa. Yana cin abinci, yana barci, har ya fi da yin barci. Malama ce abin ya dama. Takan tsaya a ƙofar ɗaki tana kallonsa yana goge takalmi, ta ce, Baban 'yan biyu, ko dai za ka ce wani abu ne? Yakan ce me zai ce. Ita ce ta yi kuka da ta ji yadda Dogo ya kira shanunsa, shi kuma ya miƙa mata hankici, ya jira ta gama. Wani lokaci a mota, in fitilar kan hanya ta tsayar da shi, yakan gwada tuno abin da gangan, ya jero shi daki-daki: ramin, jerin shanun, hular a aljihu. Sai ya ga komai sarai, kamar a talabijin ɗin gidan wasu. Fitila ta ba da hannu ya wuce.

Bai fasa zuwa ranar Asabar ba, don bai san inda zai sa kansa ba in bai je ba. Yakan tsoma takalmi a daro, ya shiga, ya ba gwaiba ruwa, ya share ɗaki. An hana sa dabba a gonakin biyu har sai hukuma ta ɗage. Masu tatsar Dogo sun tafi neman wani wurin. Ciyawa ta fito kore shar a kan ramin, ta fi ta ko'ina tsawo.

Ana nan, wata ranar Talata sakatariya ta leƙo ta ce wani dattijo yana son ganinsa, ya ce shi maƙwabcinsa ne. Injiniya bai taɓa ganin Dogo a cikin gari ba. Ya sa riga mai guga da ta yi masa gajarta a hannu, ya zauna a bakin kujera kamar mai tsoron ya ɓata ta, gwiwoyinsa sun kusa taɓa teburin. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Sannan Dogo ya ce abin da hukuma ta ba shi ba zai tsayar da garke ba, kuma ko zai tsayar, ba yanzu ba. Zama ya ishe shi. Yakan farka da asuba ya sa takalmi ya fita, sai ya isa shinge ya tuna. Ya ji an ce kamfani yana ɗaukar masu sare itatuwa da share daji a ƙarƙashin layuka.

Injiniya ya ce wannan ai aikin yara ne, rana da ƙaya da macizai, bari ya nema masa wani abu a sito ko a bakin ƙofa. Dogo ya ce shi bai iya zama ba, adda kuwa tun kafin a haifi rabin mutanen ginin nan yake riƙe ta. Injiniya ya ɗaga waya ya kira mai kula da ma'aikata. Ba a ɗauki lokaci ba. Da Dogo zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗan rusuna.

"Na gode, Yallaɓai."

"Haba Yaya."

"A nan kai ne Yallaɓai," in ji Dogo. Ba da gatse ya faɗa ba. Ya ja ƙofar a hankali.

Aka ba shi hular kwano, da rigar aiki mai ruwan lemo wadda ba a samu tsawonsa ba, da takalmi mai ƙarfe a baki. Kullum yakan biyo motar farko zuwa gari, ya hau bayan a-kori-kurar kamfani tare da samari sa'annin 'ya'yansa. Suna ce masa Baba. Da farko sun ɗauka za su riƙa ɗauke masa aiki ne, har suka ga su ke neman inuwa shi yana tsaye. Ba ya yawan magana, ba ya ƙorafi, ba ya makara. In Injiniya ya fito zagayen duba layuka ya tarar da su, Dogo yakan ajiye adda ya cire hula ya gaishe shi kamar sauran, shi kuma ya tambayi yadda aiki ke tafiya, ya nuna reshen da ya kamata a ƙara ragewa, ya shiga mota. Direbansa ya taɓa cewa wannan tsohon akwai ladabi, ko daga ina aka samo shi? Injiniya ya ce maƙwabcinsa ne.

Yanzu ranar Asabar Dogo yakan yini a kwance, gajiyar mako tana fita. Matarsa ce Injiniya ke gani daga nesa tana shanya ko tana ba kaji hatsi. Tun ranar ramin gaisuwa kawai ke haɗa su. Wata Asabar sai ga ta ta zagayo ta bakin titi, ba ta ƙofar tsakani ba, ɗauke da akwatin kayan aikin Injiniya da ya saba bari kusa da injin sanyaya madara. Ta ajiye a gabansa ta ce an sayar da injin, masu saye za su zo ɗauka, kada kayansa su bi su. Ya miƙe ya ce, Uwargida, ki zauna mana. Ta ce a tsaye ma ya isa.

Ta ce ita ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce akwai saniyar da aka ba ta a cikin garken nan tun tana amarya, jikokin jikokinta ne suka shiga ramin. Ta ce maigidanta ya hana ta cewa komai, kuma ba za ta ce ba. Abu ɗaya kawai take so ta sani, don ya daɗe yana cin ta.

"Kai wai me kake yi da su? Ba ka tatsa, ba ka yanka, ba ka kai kasuwa."

Ya duba ko zai samu amsar da ta fi gaskiya kyau, bai samu ba.

"Kallonsu nake yi."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa farashin abin da ba za ta saya ba. Ta ce Allah ya kyauta, ta juya ta bi hanyar da ta zo. Ya buɗe akwatin ya ga an goge kowane sifana, an jera su bisa girma. Ya rufe, ya kai mota, ya dawo ya ƙarasa ban ruwan da yake yi.

Damina ta wuce, wata ta zo. Hukuma ta aiko aka kwance igiyar, aka ɗauke daron, likitar ta kira ta ce an ɗage hanin, kowa na iya sa dabba. A daren ranar Malama ta ce masa ga dama ta samu. Suna da ɗan abin da suka ajiye don canza mota, motar kuwa ba inda za ta je. Ya sayi 'yan maruƙa masu kyau, daga wurin da aka sani, da takardunsu, ya kai wa bawan Allahn nan ya fara da su. Ya ce to. Bai ji yana so ba, bai ji ba ya so ba, amma ya ga maganarta daidai ce, kamar yadda yake gane lissafin da ya fita daidai.

Ya samu Dogo da abokan aikinsa a wani layi da ya bi ta gefen tsauni, sun tsaya cin abincin rana. Samarin suna can gindin wata bishiya suna musun ƙwallo. Dogo yana zaune shi kaɗai a kan kututture, ya buɗe kwanonsa a cinya. Injiniya ya sallami direba, ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya ce yau ba Yallaɓai ba ne ya zo. Ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ce ba rance ba ne, ba kuma sadaka ba, a kira shi duk abin da aka ga dama.

Dogo ya tauna abin da ke bakinsa ya haɗiye. Ya ce ya gode, Allah ya saka wa Malama, don ya san ita ce da wannan tunanin. Sannan ya ce ba ya so.

Ya ce garken nan ba shi ya fara shi ba, tarar da shi ya yi, kamar yadda mutum ke tarar da sunan gidansu. Ba a taɓa tambayarsa ko yana so ba, shi ma bai taɓa tambayar kansa ba. Wanda zai fara daga maraƙi yana bukatar shekarun da shi ba shi da su, da ɗan da zai karɓa, wanda shi ma babu. Ya ce yanzu in an tashi aiki an tashi, ba abin da ke biyo shi gida, ba mai haihuwa da tsakar damina, ba mai kumburin ciki. Ya buɗe tafin hannunsa ya duba, ya ce wani abin kunya ma, har ƙiba ya yi.

Injiniya ya ce, "Yaya, ni na kawo ta."

"Ni na buɗe ƙofar," in ji Dogo. "Na san abin da na sani, na buɗe. Kowa ya riƙe nasa."

Ya miƙo masa kwanon. Injiniya ya sa hannu ya ɗan ci, don kada a ce ya ƙi. Suka zauna suna kallon wayoyin da suka tsallaka kwarin, wani tsuntsu ya sauka a kan ta sama ya tashi. Injiniya ya yi tsammanin a nan ne abin zai zo masa, ko sauƙi ko nauyi, ko ma mene ne. Sai ya ji kawai ƙasar da ya zauna a kai tana da sanyi, wandonsa ya fara jiƙewa. Shugaban samarin ya buga tafi ya ce lokaci ya yi. Dogo ya rufe kwano, ya sa hular kwanonsa, ya ɗauki adda.

Kafin ƙarshen shekarar Dogo ya ba da hayar gonar ga wani mai noman albasa, wanda ya zo da tarakta ya tumɓuke shingayen, ya bar gidan da kewayensa kawai. Wurin ramin ne ya ƙi nomawa, ya zagaye shi, ya bar shi kamar tsibiri a tsakiyar kunyoyi. Aka mayar da Dogo shugaban wata ƙungiyar masu share layi. Injiniya bai sake sa dabba ba, bai kuma sayar da tasa gonar ba. Zuwan Asabar ya koma wata Asabar ɗin, ya koma in an tuna. Gwaiba takan nuna ta zube, Malama ta ce a kawo wa yara, ya ce sai wani satin. Jininsa, in ji likita, ya daidaita. Likitan ya tambaye shi ko gonar ce, ya ce wataƙila.

Wata safiya Dogo ya shigo ofis, wannan karon da rigar aiki, ya tsaya bai zauna ba. Ya ce mai kula da ma'aikata ya kira shi ya ce hutunsa na shekara ya taru, dole ya tafi, wata guda cur, kuma albashi ba zai tsaya ba. Ya ɗauka wani laifi ya yi ake son a sallame shi cikin mutunci, shi ya sa ya zo ya ji daga bakin da ya yarda da shi. Injiniya ya ce ba laifi ba ne, haƙƙinsa ne, kowa yana da shi, shi ma yana da nasa da bai ɗauka ba.

Dogo ya juya hular a hannunsa.

"To me ake yi da shi?"

Injiniya ya ce wasu suna tafiya ganin 'yan'uwa. Wasu suna gyaran gida. Dogo ya ce 'yarsa ta daɗe tana cewa su zo su ga inda take aure, matarsa ta je sau da yawa, shi bai taɓa ba. An ce tafiyar yini guda ce a mota. Ya tambaya ko motar safe ta fi ko ta rana. Injiniya ya ce ta safe, ya zauna ta gefen da rana ba ta bugawa, ya kuma tafi da ruwa.

Dogo ya yi godiya ya fita. Ta taga Injiniya ya gan shi ya tsallaka farfajiya, ya tsaya wajen a-kori-kura yana yi wa samarinsa bayani da hannu, yana nuna musu wanda zai riƙe aikin. Wayar kan tebur ta yi ƙara. Wata taransfoma ce ta ƙone a bayan kasuwa, unguwa guda ba wuta tun asuba. Ya tambayi lambar turken, ya jawo taswira, ya ce a turo masa direba.